Yadda Muka Koyi Karanta Hadari

Ilmin da aka karantar da magabatanmu a wannan sana'a ta duban yanayi, asalinsa daga birnin Bergen na ƙasar Norwe ya fito, inda Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, wajen 1919, suka kafa ƙa'idar cewa hadari yana haɗuwa ne a inda iska mai sanyi ta yi karo da mai ɗumi. Sa'an nan Tor Bergeron, a 1928, ya rarrabe iskoki jinsi-jinsi bisa ga mafarinsu da laimarsu. Ƙa'ida ce ingantacciya a ƙasarsu, amma da aka kawo ta sararin Kano da Yamai sai ta gaza, domin iskokinmu biyu, wato ta hunturu mai fitowa daga Sahara da ta damina mai tasowa daga teku, babban bambancinsu yana ga laima ne.

Hamilton da Archbold, cikin bayanin da suka wallafa a 1945 game da yanayin Nijeriya, su ne suka warware mas'alar, kuma a ganina har yau ba a biya su haƙƙinsu na yabo ba. Sun nuna cewa a daidai iyakar da iskokin nan suke haɗuwa ruwa ba ya sauka, saboda iskar teku tana kutsawa ne ƙarƙashin busasshiyar, ba ta da kauri, ta sama kuwa tana shanye duk girgijen da ya ɗago kai. Sai an yi ɗaruruwan kilomita kudu, inda laimar ta yi zurfi, zafin ƙasa kuma ya hana iskar natsuwa, sa'an nan gajimare yake miƙewa ya zama hadari.

Duk wanda ya taɓa sakin balan-balan na awo da asubahin bazara ya ga hujjar da idonsa: zai nufi arewa maso gabas tukuna, can kuma ya juya ya yi yamma, a nan ne laimar ta ƙare. Idan ya juya da wuri, kome gumin da mutanen gari ke yi, mun san ranar sai dai guguwa da ƙura. Wannan iska ta sama ita ce take koro hadari daga gabas, abin da manomi ya riga mu sani tun kaka da kakanni, alhali mu sai da na'ura muka tabbatar.

Farin 1972 da 1973 ya tilasta a zurfafa bincike, har a 1974, shekarar da aka yi babban awon GATE daga Dakar, aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda take horar da ma'aikatan yanayi na ƙasashen Sahel har yanzu.