Sunan dutse da abin da ke cikinsa: daga Madarumfa zuwa Inugu

Matafiyin da ya bar tabkin Madarumfa ya nufi kudu, wajen iyakar Najeriya, yana taka iri biyu na dutse: tsohon dutsen gindi mai tauri, wanda ke leƙowa nan da can, da kuma yashin da ya daskare bisa kansa. Wannan na biyu shi ne masanan ƙasa na Nijar ke kira Continental hamadien. Da an ƙetare iyaka sai a ji ana danganta shi da jerin Gundumi. Dutsen bai sake ba, makarantar masu ba shi suna ce ta sake.

Tsarin Faransawa ya samo asali daga Conrad Kilian, wanda a 1931 ya raba shimfiɗun Sahara bisa shigowar teku da janyewarsa: Continental intercalaire, watau abin da ya taru a tudu tsakanin zuwan teku biyu, da Continental terminal, na bayan tafiyarsa ta ƙarshe. Jacques Greigert ya ɗora aikinsa na 1966 kan kwarin Iullemmeden bisa wannan tsari. Sunayen suna faɗin lokaci, amma ba su nuna wurin da mai shakka zai je ya duba.

Gawayin ƙasa ne ya fi tona wannan matsala. A Inugu, inda aka gano shi a 1909, Ingilishi sun ari sunan gida, Coal Measures, suka raba shi na ƙasa da na sama. Amma a Ingila sunan na nufin duwatsun zamanin Carbonifère, alhali na Inugu sun fi su ƙuruciya da shekaru fiye da miliyan 200. Gawayin Anu Araren, wanda Sonichar ke haƙa a jihar Agadas, shi ne tsaran na Ingila, kuma bai taɓa samun sunan ba. A 1965 Richard Reyment ya maye gurbin sunayen biyu da Mamu da Nsukka, sunan kogi da na gari.

Ƙa'idar ke nan yau: a zaɓi wuri guda inda shimfiɗar ta bayyana, a kwatanta ta, a nuna iyakarta ta sama da ta ƙasa, a ba ta sunan wurin. A ganina, a matsayin mai nazarin harshe, suna marar ma'ana ya fi daɗewa, don ba ya alkawarin gawayi inda rijiya za ta iske yashi kawai. Sai dai a taswirar Maraɗi, har yanzu hamadien ake karantawa, daga kalmar Larabci ta hamadar dutse.