3.4 Laka a Matsayin Shaidar Tarihi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Hanyoyin da aka saba bi wajen gano tarihin unguwa su ne rubuce-rubuce da hira da dattawa. Akwai kuma hanya ta uku, wato binciken lakar da ke kwance a ƙasan ruwa. Kowace damina takan zubo sabuwar laka bisa tsohuwa, don haka ta ƙasa ta girmi ta sama. Aikin mai bincike shi ne ya gano shekarar kowane hawa.

A nan ne dalma take da amfani. An fara sayar da fetur mai haɗe da dalma a Amurka a 1923. Hayaƙin mota yakan watsa ta, ruwan sama kuma ya wanke ta zuwa kududdufai. A tafkunan ƙasar Suwidin masana sun tarar da alamar dalma tun ta zamanin Rumawa, sannan wadda ta fi yawa ta wajen shekarun 1970.

Idan aka dubi Gyaɗi-Gyaɗi, titin Zariya ya ratsa ta, kuma motocin da ke binsa sun daɗe suna ƙona irin wannan mai. Bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina amfani da shi a farkon 2006. Ke nan hawan da dalma ta fara ja da baya a cikinsa ba zai yi nisa da waɗannan shekaru ba. Haka kuma rafin Tatsawarki, wanda ke kwashe ruwan Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi zuwa kogin Chalawa, yana haɗuwa da dagwalon masana'antun Sharaɗa. Majemar zamani tana jima da sinadarin kuromiyam, saɓanin majeman gargajiya da ke amfani da bagaruwa. Hawan da kuromiyam ya yawaita a cikinsa yana nuni ga lokacin da jimar zamani ta kankama a wannan yanki.

Sai dai kududdufin Kano ba tafkin Suwidin ba ne. Asalinsa ramin ɗibar ƙasar gini ne. Yakan ƙafe da rani, a yashe shi, a zuba masa shara, har tsofaffin batura masu ɗauke da dalma, wanda hakan kan birkita lissafi. Mafi muni shi ne yadda ake cike kududdufai ana gina shaguna a kansu, domin duk wanda aka cike, lakarsa ta shige ƙarƙashin siminti tun kafin a auna ta.