Haihuwar tagwaye ga mata masu shekara arba'in zuwa sama

Haihuwar tagwaye ga mata masu shekara arba'in zuwa sama wani al'amari ne da masana kiwon lafiya suka daɗe suna nazari a kansa. A wannan shekarun damar ɗaukar ciki tana raguwa sosai, amma idan cikin ya shiga, yiwuwar ya zama na tagwaye ta fi ta mace 'yar shekara ashirin.

Raguwar haihuwa

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayen haihuwa kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma jikinta ba ya ƙirƙirar sababbi. Lokacin balaga sukan ragu zuwa kusan 300,000, a shekara 37 kuma saura kimanin 25,000. Ingancinsu ma yana raguwa. Mace mai lafiya 'yar shekara 30 tana da damar kusan kashi 20 cikin 100 ta ɗauki ciki a kowane wata, amma a shekara 40 damar ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 ba. Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55.

Dalilin yawan tagwaye

Tagwaye iri biyu ne. Akwai masu kama ɗaya, waɗanda ke samuwa idan ƙwai guda ya rabu biyu. Adadinsu kusan ɗaya ne a ko'ina, wato 3 zuwa 4 cikin haihuwa 1,000. Akwai kuma waɗanda ke fitowa daga ƙwai biyu daban, kuma su ne shekarun uwa ke shafa.

Yayin da ƙwayaye ke ƙarewa, ƙwaƙwalwa tana ƙara fitar da sinadarin FSH, mai sa ƙwai ya nuna. Yawansa kan sa ƙwai biyu su fita a wata guda maimakon ɗaya. Wani bincike da aka gudanar a ƙasar Holan, aka kuma wallafa a shekarar 2006, ya nuna cewa fitar ƙwai fiye da ɗaya tana ƙaruwa da shekaru. Tagwayen da ake samu ba tare da magani ba sun fi yawa tsakanin shekara 35 da 39, daga nan sai adadin ya fara sauka.

Wasu dalilan sun haɗa da gado ta ɓangaren uwa, da yawan haihuwar da mace ta yi a baya, da kuma yankin da ta fito. Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da aka fi haihuwar tagwaye, kuma garin Igbo-Ora na Jihar Oyo ya yi suna a kan haka.

Magungunan haihuwa

Da yawa daga cikin tagwayen da mata masu shekara 40 zuwa sama ke haifa a ƙasashe irin su Amurka suna samuwa ne ta hanyar magani. Magunguna kamar clomiphene suna sa ƙwai da yawa su nuna, a dashen ciki na IVF kuwa akan saka ɗan tayi fiye da ɗaya a mahaifa. Wannan na cikin abin da ya sa tagwaye a duniya suka ƙaru daga 9 zuwa 12 cikin haihuwa 1,000 tun daga shekarun 1980. Yanzu asibitoci da dama suna saka ɗan tayi guda don rage haɗari.

Haɗurra da kulawa

Ɓari yana ƙaruwa da shekaru, har yakan shafi fiye da rabin cikin da aka ɗauka bayan shekara 45. Yiwuwar haihuwar yaro mai lalurar Down tana kai kusan 1 cikin 100 a shekara 40. Cikin tagwaye yana ƙara haɗarin hawan jini, jijjiga, ciwon suga na masu ciki, zubar jini bayan haihuwa da kuma tiyata. Fiye da rabin tagwaye ana haihuwarsu kafin mako 37.

Likitoci suna ba mace mai shekara 40 da ke neman haihuwa shawarar ta je asibiti ba tare da jiran shekara guda ba. Idan ciki ya samu, fara awo da wuri, yin hoton ciki don sanin adadin jarirai, da haihuwa a asibitin da ke iya yin tiyata da ƙarin jini suna rage haɗarin ga uwa da 'ya'yanta.