Kartar da Na Zana, da Abin da Kawu Ya Gani a Cikinta

Wani dattijo ne daga Maamobi ya bugo waya a shirina na daren Asabar yana kuka da cewa jikokinsa ba su san dara ba. Da ya ce musu su zo a yi dara, sai ƙaramin ya tambaye shi ko a waya ake sauko da ita. Na yi dariya a bakin makirfo, amma maganar ta bi ni har gida.

Daga nan na ƙudurta yin karta tawa ta kaina, kowane ƙwaya ɗauke da hoton wasan da muka taso muka tarar a zango. Tsarin da na ara shi ne na wata kartar Turawa da ake kira tarot (Faransawa "taro" suke furta ta, kamar taron biki). Ƙwaya 78 ce, 56 na gama-gari, sai 22 manya da kowacce ke da nata hoton. Waɗannan 22 ɗin su suka ja hankalina. Na sayo kwali da alƙaluman launi a kusa da Zongo Lane, na zana ramukan dara, na zana ludo, na zana damii da oware na maƙwabtanmu. Ina kan ta bakwai Kawu ya shigo ɗakina a Nima, ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya tambayi sunan abin. Ina faɗa masa sai fuskarsa ta canza.

"Ɗan nan, kayan duba ka kawo mana gida?"

Kafin magariba magana ta kai kunnen Inna, ta ce ko in ƙona su ko in fitar mata da su. Wannan ce ta sa na shiga tonon asalin abin, kuma abin da na tarar ya ba ni mamaki.

Ita karta ma baƙuwa ce a Turai. Sai a shekarun 1370 aka fara ambatonta a can, har hukumar birnin Florence ta Italiya ta haramta ta a 1377. Daga ƙasashen Musulmi ta shiga, musamman Masar ta zamanin Mamluk. A 1939 wani masani, L. A. Mayer, ya ba da labarin wata tsohuwar kartar Mamluk da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. Gida huɗu gare ta: kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar folo. Manyanta kuwa malik ne, da na'ibinsa, da na'ibi na biyu, kuma babu hoton mutum ko ɗaya a jiki, sai zayyana da rubutu. Har yau mutanen Sifaniya "naipe" suke ce wa karta, wato dai na'ibin nan da muka sani a masallaci. Turawan lokacin ba su san folo ba, sai suka mayar da sandar kulki. Da Katsinawa aka fara kai wa, da ba a yi wannan kuskure ba.

Wajen 1440 ne, a arewacin Italiya, aka ƙara wa karta waɗancan ƙwayoyi masu hoto don su riƙa cinye sauran a wasa. Masu mulkin Milan da Ferrara suna biyan masu zane su yi musu nasu da hannu, har da ruwan zinariya. Sama da shekara ɗari uku wasa ake yi da ita, kamar yadda samarinmu ke buga sipa a bakin titi, kuma har gobe ana buga ta a Faransa. Sai a 1781 wani mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa wai ɓoyayyen littafin bokayen tsohuwar Masar ne. Bai da hujja, domin a lokacin babu wanda ya iya karanta rubutun Fir'auna, sai a 1822 aka fara warware shi. Amma ƙaryar ta yi farin jini. A 1789 wani mai kiran kansa Etteilla ya fitar da kartar da aka tsara musamman don duba, sannan a 1909 aka buga a Landan wadda Pamela Colman Smith ta zana, ita ce wadda kowa ke gani yau a intanet.

Na kwashi wannan duka na kai wa Kawu, ina jin na gama da shi. Ya saurare ni har ƙarshe, yana kurɓar ataya. Sai ya ce yashin da ake haƙa ramin dara a kai, shi ne dai yashin da mai bugun ƙasa ke shatawa, amma ba wanda ya taɓa rikita su biyun, domin kowa da sunansa. "Kai kuma sunan masu duba ka ɗauko. Wa zai tsaya ka karanta masa tarihin Italiya kafin ya yanke maka hukunci?"

Ban ji daɗi ba, amma yana da gaskiya. Ni ma da na fara ganin kartar, a hannun masu duba na gan ta. Shekara ɗari biyu da 'yan kai sun isa su shafa wa abu baƙin da wanki ɗaya ba zai fitar ba. Inda na saɓa da shi shi ne batun aro. Zango kansa da baƙi aka gina shi. Malam Nenu daga Katsina ya zo ya zauna a wajen Zongo Lane a ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, kowa kuma da abin da ya zo da shi a jaka. Ludon da matanmu ke bugawa har tsakar dare daga pachisi na Indiya aka ciro shi, aka yi masa rajista a Ingila, yau ga shi kafintocinmu na yi masa firam da gilashi, suna liƙa hotunan 'yan ƙwallo a gidajensa huɗu. Ba wanda ya ce musu sun kawo baƙon abu.

A ƙarshe na jefar da sunan, na bar adadin. Ƙwaya 22, kowacce da wasa a gaba, da ƙa'idarsa a baya, ba fassarar komai a ciki. Inna ta ce a ajiye su a ɗakin zaure tukuna.

Ranar da na nuna wa Kawu ƙwayar farko, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce na yi shirme. Layi shida-shida na zana, alhali dara rami 30 ce, layi biyar na rami shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Ya ce in kira yaran gidan. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a tsakar gida, ya fara haƙa ramukan da yatsa yana ƙirgawa.