Yadda Inshora Ta Baro Teburin Caca Ta Shiga Ajin Jami'a

A jami'o'in Amurka, ɗalibi yakan zaɓi babban fannin da zai yi digiri a kansa, sannan ya haɗa da wani ƙarami a gefe. Mai karatun injiniya ko shari'a ko aikin gona kan ɗauki inshora a matsayin wannan ƙaramin fanni. Da yawa daga cikinmu idan suka ji haka sai su yi mamaki: ashe inshora ma abar karantawa ce? Amsar tana cikin tarihinta, domin sana'ar ta daɗe tana tafiya a makance kafin ilimi ya riƙe mata sanda.

A watan Satumba na 1666 gobara ta tashi a Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lamushe gidaje sama da 13,000. Wanda gidansa ya ƙone a lokacin ba shi da madafa sai taimakon jama'a. Bayan kimanin shekara goma sha huɗu, wani likita da ya koma harkar gine-gine, Nicholas Barbon, ya buɗe ofishin inshorar gobara. Ya sa mai gidan katako ya biya ninki biyu na abin da mai gidan bulo ke biya. Darasin farko ke nan da ake koya wa ɗalibai har yau: gwargwadon haɗarinka, gwargwadon kuɗinka.

Gida dai ana ganinsa da ido. Ran mutum fa, da me za a auna shi? Gwamnatin Ingila ta wancan zamani, idan tana neman kuɗin yaƙi, takan karɓi dunƙulen kuɗi daga mutum bisa alkawarin biyansa wani abu duk shekara har ya mutu. Farashi ɗaya ta sa wa yaro da tsoho, alhali yaron zai iya shafe shekaru hamsin yana karɓa. A 1693 Edmond Halley, masanin taurarin nan da aka raɗa wa tauraro mai wutsiya sunansa, ya nazarci rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yanzu yake ƙasar Poland. Daga nan ya fitar da jadawalin da ke nuna, cikin mutanen da suka kai shekaru kaza, nawa ne ake sa ran za su ga baɗi. Ba wanda ya san ranar mutuwar mutum ɗaya, amma idan mutane suka kai dubbai, lissafi yana iya kusantar adadi.

Waɗanda suka fara cin moriyar wannan ilimi sosai limaman coci ne a Scotland. Idan limami ya rasu, matarsa da marayunsa sukan shiga halin ni-'yasu. Robert Wallace da Alexander Webster, tare da masanin lissafi Colin Maclaurin, suka ƙididdige limamai nawa ke mutuwa a shekara, zawarawa nawa suke bari, da tsawon lokacin da kowace za ta yi tana karɓar tallafi. A 1744 aka kafa asusun, kowane limami yana zuba nasa. Hasashen da suka yi na jarin asusun a 1765 ya saɓa da abin da aka tarar da fam ɗaya tak.

A Landan kuwa, ƙungiyar Amicable da aka kafa a 1706 kuɗi ɗaya take karɓa daga kowa, kuma ba ta ɗaukar wanda ya haura 45. Ta ƙi karɓar wani malamin lissafi, James Dodson, saboda shekarunsa. Shi kuma ya zauna ya tsara yadda kowa zai biya daidai da shekarunsa. Ya rasu a 1757 bai ga amfanin aikinsa ba, amma a kan tsarinsa aka kafa kamfanin Equitable a 1762.

Duk da haka caca ba ta saki sana'ar ba. Mutane sukan sayi inshora a kan ran wani babban mutum da ba su haɗa komai da shi ba, musamman idan an ji yana jinya, su zauna jiran labarin mutuwarsa. Sai a 1774 majalisar Birtaniya ta hana, ta ce ba mai sayen inshora a kan ran wani sai wanda mutuwar za ta jawo wa asara ta gaskiya.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, yawancin masu aikin a ofis suke koyonsa, kamar yaron shago a wurin maigidansa. A 1904 wani matashi, Solomon Huebner, ya fara koyar da inshora a makarantar kasuwanci ta Wharton da ke Jami'ar Pennsylvania, a 1913 kuma aka ba ta sashe nata. Hujjarsa ita ce, babbar dukiyar iyali ita ce abin da mai nema musu zai samu a sauran rayuwarsa, don haka ya kamata a san ƙimarsa a kuma kare shi, kamar yadda ake kare gini.

Ƙyamar da mutanenmu ke yi wa inshora, cewa akwai caca da riba da rashin tabbas a cikinta, tana da tushe, kuma ita ma da ilimi aka tunkare ta. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, bisa tsarin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda asara ta faɗa wa. Sai dai ko takaful ba ya tsayawa sai da mai lissafi irin na Halley, wanda zai faɗi nawa kowa zai zuba don kada asusun ya ƙafe.

Duk lokacin da kasuwa ta ƙone a Kano ko Sakkwato, mukan ga 'yan kasuwa tsaye a kan tokar jarin shekara talatin, suna jiran gudummawa, kamar mutanen Landan a 1666. Jajantawa wajibi ce, amma ba ta mayar da shago. Lauyan da ya iya karanta takardar inshora, da injiniyan da ya san ƙimar haɗarin wayar lantarkin da aka jona barkatai, da malamin gona da ya fahimci inshorar amfanin gona, kowannensu zai iya rage wa wani wannan tsayuwa. Abin da ɗalibin da ya ɗauki ƙaramin fannin nan yake koyo ke nan.