Yadda Laisin Ya Shiga Abincin Uwar Alade

Har zuwa farkon ƙarni na 20, masu kiwo a Turai da Amurka suna auna ingancin abincin dabba ne da yawan furotin da ke cikinsa. Amma manoman Amurka sun daɗe da lura cewa aladun da ake ba masara zalla ba sa girma yadda ya kamata, sai an haɗa musu da madara ko garin ragowar nama daga mayanka.

Bayanin wannan ya fito ne daga ɗakin gwaji. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kuma kimanin rabinsu jikin alade ba ya iya haɗa su da kansa, dole ya same su a abinci. Ɗaya daga cikinsu shi ne laisin, wanda Edmund Drechsel ya fara tacewa daga furotin ɗin madara a 1889. A 1914 Thomas Osborne da Lafayette Mendel suka ciyar da ɓeraye da babban furotin ɗin masara a Amurka. Ɓerayen suka yi ta ramewa. Da aka ƙara musu wani amino asid mai suna tiriftofan sai ramar ta tsaya, amma ba su girma ba har sai da aka ƙara laisin. Daga nan aka gane cewa jiki yana gina tsoka ne gwargwadon amino asid ɗin da ya fi ƙaranci a abinci, rarar sauran kuma a ƙona ta, naitorojin ɗinta ya fita a fitsari.

Wannan sani bai amfani mai kiwo sosai ba sai da laisin ya yi araha. A 1956 masu binciken kamfanin Kyowa Hakko na Japan suka gano wata ƙwayar bakteriya mai samar da amino asid daga sukari, kuma a 1958 kamfanin ya fara samar da laisin ta wannan hanya. A 1981 Majalisar Binciken Aikin Gona ta Birtaniya ta ɗora ƙa'idar ciyar da aladu a kan auna kowane amino asid da laisin. Masu haɗa abinci suka sami damar rage garin waken suya, su cike giɓin da garin laisin kaɗan.

Uwar alade ita ce ta fi nuna muhimmancin lamarin. Cikinta kwana 114 ne, kuma yawancin girman 'ya'yan yana faruwa ne a makonnin ƙarshe. Bayan haihuwa, uwa ta zamani tana iya fitar da nono kusan lita 10 a rana don 'ya'ya fiye da 10. Idan laisin ya gaza a abincinta, sai jikinta ya narkar da tsokarsa don ya cika nonon. Ta yaye 'ya'yan a rame, ta jinkirta neman barbara, haihuwa ta gaba kuma ta ragu. Shi ya sa ƙa'idar da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2012 ta raba buƙatar mai ciki gida biyu, kafin kwana 90 da bayansa.

Dogaro da wannan gari ya zo da nasa haɗarin, domin kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa. A farkon shekarun 1990 kamfanin ADM na Amurka ya haɗa baki da wasu kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu suka tsayar da farashin laisin a duniya. A 1996 ADM ya amsa laifi, aka ci shi tarar dala miliyan 100 a kan laisin da wani sinadari daban. Masu haɗa abincin aladu da na kaji, da manoman da ke saya daga gare su, su ne suka biya ƙarin kuɗin tsawon shekarun da aka yi ana wannan maguɗi.