Ar-Risala: fim ɗin da waɗanda aka azabtar suka ɗauki nauyinsa

A shekarar 1974 Mustafa Akkad, haifaffen birnin Halab na Siriya wanda ya koyi sana'ar fim a Amurka, ya kafa kyamarorinsa a Maroko domin ɗaukar labarin farkon Musulunci. Aikin bai yi nisa ba sai hukuma ta janye izini, bayan da malamai a Saudiyya suka nuna rashin amincewa. Akkad ya kwashe kayansa ya koma Libiya, inda Gaddafi ya ba shi wuri da kuɗi. A 1976 fim ɗin ya fito kashi biyu, na Turanci da na Larabci, kowanne da nasa 'yan wasan.

Sharaɗin da Akkad ya ɗaure kansa da shi tun farko, wanda malaman Azhar suka amince da rubutun a kansa, shi ne ba za a ga Manzon Allah (SAW) ba, ba za a ji muryarsa ba, haka ma halifofinsa huɗu. Wannan ne ya sa nauyin labarin ya koma kan marasa galihu na Makka. Ga Bilal, an miƙa masa bulala ya zane Ammar, ya ƙi, ya yar da ita. Aka shimfiɗe shi a garjin rana, aka aza masa ƙaton dutse a ƙirji, bakinsa bai daina “Ahad, Ahad” ba. Johnny Sekka, haifaffen Dakar, shi ya fito a Bilal a na Turanci. Ga Sumayya da mijinta Yasir an ɗaɗɗaure su, Abu Jahal ya soke ta da mashi, ta zama mace ta farko da ta yi shahada a Musulunci. Sai Hamza, wanda Anthony Quinn ya fito a matsayinsa, mashin Wahshi ya same shi a Uhudu. A ganina nan ƙarfin fim ɗin yake: mai kallo yana auna girman saƙon da irin azabar da bawa da tsohuwa suka jure dominsa. Duk wanda ya kalle shi a ƙasar Hausa lokacin azumi ko Maulidi, yawanci dutsen Bilal ne ba ya mantawa.

A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutum sama da 100 a Washington, cikin buƙatunsu har da a daina nuna fim ɗin. Akkad bai karaya ba. Ya sake haɗuwa da Quinn suka yi fim ɗin Umar Mukhtar, dattijon malamin da Italiya ta rataye a Libiya a 1931.

Akkad ya rasu a watan Nuwamba na 2005 sakamakon harin bam da aka kai wani otal a Amman, harin da ya ci ran 'yarsa Rima. Saudiyya ba ta bari an nuna Ar-Risala a gidajen sinimarta ba sai a 2018.